Kwalin Magani a Hannunka: Tambayoyi kan Lambar NAFDAC, Wayar Salula da Turancin Jikin Kwali

Na daɗe ina koyar da manya karatun boko da yamma, kuma ajin bai taɓa cika kamar ranar da na ce kowa ya zo da kwalin maganin da ke ɗakinsa ba. A ranar ake fito da tambayoyin da mutum ke jin nauyin yi wa likita. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa na amsa su a nan. Wanda ba shi da lafiya kuwa, asibiti zai nufa tukuna, karatun kwali ya biyo baya.

Malam, wai NAFDAC ɗin nan da muke ji a rediyo mece ce, kuma me ya kawo ta?

Ita ce hukumar tarayya mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya. An kafa ta da dokar soja mai lamba 15 ta 1993, kuma sai da aka yi asarar rayuka kafin a kai ga haka. A 1990 yara fiye da 100 suka rasu, da yawansu a Jos da Ibadan, bayan sun sha farasitamol na ruwa wanda aka haɗa da wani sinadari mai suna dayetilin gilaikol. Sinadarin yana da zaƙi, yana kama da wanda ya halatta a zuba a maganin ruwa, ya kuma fi shi araha, amma wurinsa masana'anta ne, irin su haɗa man burki. In ya shiga cikin yaro ƙoda yake kashewa. Uwa za ta ga fitsari ya ɗauke, jiki ya kumbura, kafin a gane abin da ake ciki an makara.

Abin ya sake faruwa a 2008 da maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, inda aƙalla yara 84 suka rasu, sannan a Gambiya a 2022 da wasu magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya, yara kusan 70. Duk sinadarin ɗaya ne. Ina kawo waɗannan ne don wanda yake ganin rajista da gwaji ɓata lokacin 'yan kasuwa ne kawai.

Sunan hukumar ya shiga kowane gida a zamanin Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008. 'Yar'uwarta ta rasu saboda jabun insulin, allurar masu ciwon suga, ita kanta kuma an buɗe wa motarta wuta a Disambar 2003, Allah ya yi da sauran kwananta. Tun 2017 Farfesa Mojisola Adeyeye ce ke riƙe da hukumar.

Me suke dubawa kafin su ba magani lamba?

Suna karanta takardun da kamfani ya kawo kan abin da ke cikin maganin da yadda aka haɗa shi, suna duba masana'antar, sannan su gwada samfuri a ɗakunan bincikensu, kamar na Yaba a Legas da na Kaduna da na Agulu a Anambra. In an gamsu sai a ba da lamba, wadda a magunguna da yawa za ka ga ta fara da A4 ko 04, sai ɗan layi, sai wasu lambobi. Rajistar ta shekara biyar ce, ana sabunta ta.

To in na ga lambar a jikin kwali, shi ke nan na huta?

Ganin Dala ba shiga birni ba. Wanda ya iya buga kwali mai launi da hoto da sunan kamfani, buga lambobi shida ko bakwai ba zai gagare shi ba. Masu jabu kan kwafi lambar magani na gaskiya su liƙa wa nasu, wani lokaci ma lambar ruwan leda ko ta man shafawa suke ɗorawa. Rashin lamba hujja ce ta ka ajiye maganin ka yi gaba. Samun lamba kuwa mataki na farko ne kawai.

Mataki na biyu yana cikin wayarka. NAFDAC tana da kundin magungunan da ta yi wa rajista, sunansa Greenbook, akwai shi a intanet, akwai kuma manhajarsa. Ka rubuta lambar ko sunan maganin, sai ka gwama abin da ya fito da abin da ke hannunka: sunan ya dace? Kamfanin da ya yi shi ɗaya ne? Ƙarfin maganin ɗaya ne? In lambar ta fito da sunan wani magani daban, ka samu amsarka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa cikin kowane magani goma da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, ɗaya jabu ne ko kuma bai kai ingancin da ake buƙata ba. Kashi biyu ne ke nan. Akwai wanda aka yi da niyyar zamba, alli ko fulawa a siffar ƙwaya. Akwai kuma wanda kamfanin gaske ya yi amma sinadarin bai cika ba, ko ya lalace a hanya. Na biyun nan lamba ba ta kama shi, domin lambarsa ta gaskiya ce.

Wannan wurin da ake kankarewa kamar katin waya fa?

Wannan tsari ne da NAFDAC ta fara a 2010, kuma ya fi yawa a magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta. Ka kankare wurin da tsabar kuɗi ko farce, lambobi za su bayyana, sai ka tura su ta saƙon tes zuwa gajeriyar lambar da aka rubuta a gefen wurin, misali 38353. Kada ka haddace lamba ɗaya, domin kamfanonin da ke gudanar da aikin sun fi ɗaya, kowa da tasa. Ba a cirar kuɗi, ba a buƙatar data, 'yar ƙaramar waya mai madannai ma tana yi.

Hikimar abin ita ce kowane kwali da tasa lambar, kuma sau ɗaya take aiki. Saboda haka ka kankare a gaban mai kemis, kafin ka biya ko kafin ka bar shagon. In an miƙo maka wanda an riga an kankare, ka mayar.

Amsar da Turanci take zuwa. In ka ga "OK" ko "Genuine" ko "Original" tare da sunan maganin da ke hannunka, to lambar ta kamfanin ce. In ka ga "Fake" ko "Invalid", ko an ce "already used", wato an riga an yi amfani da ita, ka sake duba ko ka yi kuskure wajen rubuta lambobin. In ba ka yi ba, kada ka sha. Wani lokacin sabis ne ke hana amsa zuwa, kuma shiru ba ya nufin e ko a'a.

In kwali ba shi da wurin kankarewa, jabu ne?

A'a. Magunguna da yawa na ƙwarai ba sa cikin tsarin.

Ni ban yi boko ba. Sai na koyi Turanci duka kafin in karanta kwali?

Baba, kalmomin da ke tsakaninka da kwalin ba su wuce ashirin ba, kuma su ne dai suke maimaituwa a kowane magani. Na ga dattawan da ba su taɓa zama a aji ba sun riƙe su cikin mako biyu, domin mutumin da ya iya lissafin buhu da tiya, ya kuma iya adana lambobi a waya, ya riga ya yi rabin aikin.

Ka fara da haruffa uku: EXP. Duk inda ka gan su, kwanan watan da ke gabansu shi ne ƙarshen wa'adin maganin. In an rubuta EXP 03/2027, yana aiki har ƙarshen watan uku na 2027. Kusa da shi akwai MFG ko MFD, ranar da aka yi shi. Nan mutane suka fi ruɗewa: wani zai ga tsohuwar shekara a gaban MFG ya zubar da magani mai kyau, wani kuma ya ɗauki wannan a matsayin wancan. Sai "Batch No" ko B/N, lambar rukunin da aka haɗa tare, kamar a ce tukunya ɗaya. Idan hukuma ta yi shelar janye magani daga kasuwa, wannan lambar take ambata, don haka kada ka yar da kwali sai ka gama shan abin da ke ciki. Ka kuma duba cewa EXP da lambar rukunin da ke jikin katin ƙwayoyin sun yi daidai da na kwalin waje.

Bayan nan sai lambar ƙarfi, wadda ke ƙarewa da mg. Suna ɗaya ba ya nufin ƙarfi ɗaya. Maganin zazzaɓin cizon sauro na atimita da lumifantirin yana zuwa a 20/120, wanda babba ke shan ƙwaya huɗu a lokaci guda, yana kuma zuwa a 80/480, wanda ƙwaya ɗaya ce ta wadatar. Wanda ya saba da na farko, aka ba shi na biyu, ya sha huɗu, ya ninka abin da ya kamata sau huɗu.

Sauran kuwa umarni ne. "Once daily" sau ɗaya a rana, "twice" sau biyu, "three times" sau uku. "Before meals" kafin cin abinci, "after meals" bayansa. "Shake well" a girgiza kwalbar sosai. "For external use only" na shafawa ne, ba a sha. "Suppository" ta dubura ake sawa, "pessary" kuma ta gaban mace. Na taɓa zama da wata baiwar Allah da ta haɗiye irin wannan har kwana uku, tana kukan bai yi mata aiki ba, domin wanda ya sayar mata ya ji kunyar yi mata bayani, ita ma ta ji kunyar tambaya. Tun daga ranar nake fara darasi da waɗannan kalmomi biyu, ko da fuskoki za su sunkuya.

Hanyar koyo mafi sauƙi ita ce ka sa ɗanka ko jikanka ya rubuta maka su da manyan baƙi a takarda, da ma'anarsu a gefe da boko ko da ajami, a liƙa a inda ake ajiye magani. Duk sabon kwalin da ya shigo gidan, a nemo kalmomin a jikinsa.

Rubutun likita ma ba ya karantuwa. Mene ne b.d. da t.d.s.?

Gajerun kalmomi ne da asalinsu Latin ne, shi ya sa ko mai jin Turanci suke ba shi wuya. B.d. sau biyu a rana, t.d.s. sau uku, q.d.s. sau huɗu, "nocte" da dare. In ka ga 5/7 kwana biyar ke nan, 2/52 mako biyu, 1/12 wata ɗaya.

Sau uku a rana yana nufin a raba yini da dare gida uku, kusan awa takwas-takwas, musamman a magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Ba a shanye ukun tsakanin hantsi da la'asar. Mai azumi ya gaya wa likita tun kafin a rubuta, domin wasu magungunan akwai irinsu da ake sha sau ɗaya ko biyu.

Hajiya ta ce cokalin shayi ake auna wa yaro. Gaskiya ne?

Cokalin da likita yake nufi mililita 5 ne, cokulan gidajenmu kuwa kowanne da girmansa. A yi amfani da ɗan kofin awo da ke zuwa a bakin kwalbar, ko sirinji marar allura. A kuma kula da abu ɗaya: magungunan mura da yawa akwai farasitamol a cikinsu. In an ba yaro na mura, an ƙara masa da na zazzaɓi, sau biyu aka ba shi abu guda, kuma hanta ce take ɗaukar nauyin. Babba ma bai kamata ya wuce ƙwaya takwas masu 500mg a awa 24 ba.

Zan iya ɗaukar hoton takardar cikin kwali in sa waya ta fassara mini?

Za ka iya, kuma ya fi zama cikin duhu. Google Translate ya sa Hausa cikin harsunansa tun 2013, yana kuma karanta rubutu ta kyamara. Yana taimakawa wajen gane ko maganin na mene ne, da waɗanda aka hana su sha, kamar masu juna biyu da masu shayarwa.

Amma ban yarda a ɗauki adadin sha daga fassarar na'ura ba. Takardun nan ƙananan rubutu gare su, a nannaɗe suke, kyamara tana iya tsallake layi ko ta haɗa jadawalin manya da na yara. Kalmar hani guda ɗaya in ta faɗi, jimla ta juye. Haka manhajojin nan masu amsa tambaya: suna ba da amsa da cikakkiyar Hausa ko da sun yi kuskure, kuma ba su san nauyin ɗanka ko halin ƙodarka ba. Ka karanta fassarar don ka san abin da za ka tambaya, sannan ka tambayi mutum.

Magani bai gama wa'adi ba amma launinsa ya sauya. Me ya faru?

Zafi da laima. Yawancin kwalaye an rubuta "Store below 30°C", wato a ajiye inda zafi bai kai digiri 30 ba, mu kuwa a Kano da Sakkwato da Maiduguri watan Afrilu yana haura 40. Wa'adin da aka buga an buga shi ne bisa sharaɗin an ajiye maganin yadda aka ce. Wanda ya yini a tire a kan mai talla a tashar mota, ko a gaban gilashin mota, ba ya cikin wannan alkawari ko da lambar NAFDAC ɗinsa ta gaskiya ce. Insulin da alluran rigakafi sanyin firji suke so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Maganin yara na gari da ake zuba wa ruwa, da zarar an haɗa shi kwanakinsa ƙididdigaggu ne, galibi mako ɗaya, wasu biyu, kuma an rubuta a jiki. Na ɗigawa a ido in an buɗe ya yi mako huɗu, a yar.

Wa ke sa ido a kan masu kemis? Kuma mene ne laifin a ce a haɗa mini na ɗari biyar?

Shagunan suna ƙarƙashin wata hukumar ce daban, PCN, mai ba famasi da kemis lasisi. Lasisin mai kemis na magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, a cikin kwalinsu na asali. Bai haɗa da yin allura ko ƙarin ruwa ba. Na san a ƙauyuka da yawa mai kemis shi ne likita, shi ne nas, kuma akwai masu tsoron Allah a cikinsu da suka ceci mutane da dama. Amma doka ke nan.

Haɗi kuwa, wato a ɓare ja da fari da rawaya a ƙulla a leda, yana rusa duk abin da muka faɗa a sama. Babu suna, babu EXP, babu lambar rukuni. In ya yi maka illa likita ba zai san me ka sha ba. Sau da yawa kuma akwai kafso biyu ko uku na kashe ƙwayoyin cuta a ciki, waɗanda ba su isa su kashe cutar ba, sai dai su koya mata jure maganin. In kuɗinka bai kai na kwali ba, ka ce a yanko maka daga katin ta gefen da ke da suna, ka kuma ɗauki hoton kwalin da wayarka.

Gwamnati tana ƙoƙarin tattara masu sarin magani wuri ɗaya da za a iya sa musu ido. A Kano an gina cibiya a Dangwauro kan hanyar Zariya, kuma a Fabrairun 2024 aka rufe shaguna fiye da dubu a yankin Sabon Gari don a tilasta komawa can. A farkon 2025 an yi irin wannan samame a kasuwannin Idumota ta Legas da Onica da Aba.

Maganin gargajiya mai lambar NAFDAC, an tabbatar yana warkarwa ke nan?

Ka duba ƙarshen lambar. In ta ƙare da harafin L, abin da aka gwada shi ne ko maganin yana da guba. Ba a gwada ko yana warkar da abin da aka ce ba, shi ya sa ake buga wata jimla a jikinsa cewa hukumar ba ta tantance waɗannan iƙirari ba. Mai lasifika a bakin kasuwa ba zai karanta maka ita ba. Kwalba ɗaya da aka ce tana maganin basir da sanyi da suga da hawan jini da rashin haihuwa, ka riƙe kuɗinka. Mai hawan jini ko suga kuma kada ya ajiye na asibiti saboda ita.

Haka abin yake da kayan mata da na ƙarin ƙiba irin su sha-ka-fashe da ake tallatawa a TikTok da Facebook da WhatsApp. Wadda ta turo miki ta hannun direba ba ta da shagon da hukuma za ta je ta rufe.

Me ya sa aka hana maganin tari mai kodin?

Saboda shaye-shaye. A Mayun 2018, bayan wani binciken BBC ya nuna yadda ake karkatar da shi zuwa hannun matasa, gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Tiramadol ba a hana shi ba, amma ƙarfin da aka amince da shi 50mg ne da 100mg, da takardar likita. Duk katin da ka ga an rubuta 200 ko 225 ko 250, ta ɓarauniyar hanya ya shigo.

Mu da ke Maraɗi da Damagaram fa, namu da Faransanci yake zuwa.

EXP tana nan a yawancinsu, wani wurin kuma "péremption" za ka gani. "Lot" ita ce lambar rukuni, "comprimé" ƙwaya, "gélule" kafso, "voie orale" ta baki, "fois par jour" sau kaza a rana. Lambar NAFDAC rajistar Najeriya ce, kuma gajerun lambobin tes na layukan Najeriya ne. Maganin da ya tsallaka iyaka a bayan babur, ko ta wane ɓangare ya fito, babu hukumar da ta san yadda ya kwana.

Me ya sa ba za a rubuta da Hausa ba kawai?

Ƙa'idar NAFDAC ta ce dole bayanin ya kasance da Turanci, ta kuma halatta a ƙara wasu harsuna. Ƙofa a buɗe take ke nan, kamfanoni ne ba su shiga ba, tunda ba a tilasta musu ba. A ganina wannan giɓi ne babba. Kamfanonin waya suna yi mana magana da Hausa in za su sayar mana da data, masu tallar magani a rediyo ma da Hausa suke yi. Sai an zo kan gargaɗi da adadin sha ne harshen yake komawa Turanci. Layi huɗu sun isa: na mene ne, nawa ake sha, wa aka hana, yaushe yake ƙarewa. Amsar tes ɗin kankarewa ma babu abin da zai hana ta zo da Hausa.

Mutanen Kano sun san abin da rashin bayani yake jawowa. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, yara 200 suka shiga, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. Rashin yardar da abin ya bari yana cikin abin da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003.

Na sha magani jikina ya yi ƙuraje. Ina zan kai maganar?

In numfashi yana yi maka wuya, ko fuska da leɓe sun kumbura, ko fata tana saɓulewa, ko baki da ido sun yi gyambo, ka daina sha ka tafi asibiti a lokacin, da kwalin a hannunka. Yaron da ya sha maganin ruwa fitsarinsa ya ragu ko ya ɗauke, shi ma kada a kwana da shi a gida.

Bayan an samu sauƙi sai rahoto. Asibitoci da famasi suna da takarda mai launin rawaya ta NAFDAC da ake cikewa, akwai kuma manhajar Med Safety da kowa zai iya saukewa a wayarsa, ko ka je ofishin hukumar na jiharku. Za a tambaye ka sunan maganin, lambar rukuninsa, ranar da ka fara sha, abin da ka ji, da sauran magungunan da kake sha tare da shi, har na gargajiya. Ba sai ka tabbatar maganin ne ya jawo ba, zato ya isa. Rahotannin suna taruwa a cibiyar hukumar, daga nan a tura su rumbun Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Uppsala a Suwidin. In an ga koke iri ɗaya yana fitowa daga Gusau da Yola da Bauchi a kan lambar rukuni ɗaya, a nan ake aika jami'ai su ɗebo samfuri a kai ɗakin gwaji. Ragowar maganin kada ka zubar, ka sa shi a leda da kwalinsa da rasit in akwai, ka ɗaga shi inda hannun yara ba ya kaiwa har a zo karɓa.